Tambayi Mai Wuta: Fankar banɗaki, famfon da ke jan mutum da birekar da ta ƙi zama

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sanyi. Tunda hunturun nan ya kankama kusan duk saƙon da ke shigo mini na banɗaki ne, kuma ba mamaki, mu nan Jos a Disamba da Janairu wa zai watsa ruwan sanyi da asuba in ba dole ba. Hita na ta aiki, tururi ya yi yawa, wayoyin da suka shekara suna lallaɓawa sun fara nuna halinsu. Na tsamo guda biyar, zan fi daɗewa a kan biyun farko.

TAMBAYA: Salam Injiniya barka da aiki. Ni matar aure ce a Rikkos, ɗakina mai banɗaki a ciki ne, tagarsa 'yar ƙarama ce kuma kullum a rufe saboda sanyi da ƙura. In an yi wanka da ruwan zafi tayil sai ya yi ta zufa, silin ya yi baƙi-baƙi, fenti na ɓarewa, har kayan cikin wadirof sun fara warin rima. Maigida ya sayo fankar nan mai zuƙe iska, to yaron da ke mana gyaran wuta ya ce zai huda silin ya maƙala ta iskar ta tafi cikin rufi, wuta kuma ya jawo mata daga makunnin hita tunda shi ne kusa, wai aikin awa ɗaya ne. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Don Allah a ba ni shawara.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Gara da hankalinki bai kwanta ba, abu biyun da yaron nan ya faɗa duka ba daidai ba ne. Sayen fankar kam maigida ya yi tunani mai kyau.

Mu fara da silin. Fankar nan ba ta ɓatar da tururi, ɗaukarsa kawai take daga nan ta kai can, in aka hura shi cikin rufi kamar kin share ɗaki ne kin tura sharar ƙarƙashin gado. Kwanon rufi da daddare a garin nan sanyi ƙalau yake, tururi mai ɗumi na taɓa shi zai koma ruwa ya riƙa ɗiga a kan katako da bayan silin, kuma fa a nan ne wayoyin gidan gaba ɗaya suke kwance, har da duk wata mahaɗa da aka naɗe da salatif aka bar ta haka nan. Baƙin da kike gani yanzu zai koma ta bayan silin inda ba mai gani, katako ya yi ta ruɓewa a hankali, in POP ne kuma wata rana ya jiƙe ya rufto. Dole iskar ta fita waje. Mafi sauƙi a huda bangon da ke kallon waje, can sama kusa da silin, a zura fayif mai inci 4, a ɗan karkata bakinsa na waje ƙasa yadda ruwan da ya taru a ciki ko feshin damina zai gangara waje ba ya dawo cikin fanka ba. A wajen a sa murfin nan mai 'yan ƙofofi da iska ke buɗewa su rufe da kansu in fanka ta tsaya, in ba haka ba kin buɗe wa ƙura da sauro da ƙadangaru hanya. In kuma sai ta silin za a bi, to a haɗa mata bututu har waje, gajere, ba lanƙwasa da yawa, don ƙananan fankokin nan ba su da ƙarfin tura iska nesa.

Wajen hudawa kada a huda daidai saman makunni ko a layi ɗaya da gefensa, wayar da aka binne a bango yawanci miƙewa take sama ko gefe daga makunni. Kada kuma birkila ya fasa kankaren da ke saman taga.

Girma ba matsala ba ne. Abin da ake nema a banɗaki shi ne fanka ta fitar da aƙalla lita 15 ta iska a daƙiƙa ɗaya, mai inci 4 ta kirki tana yin haka har da ƙari, sai dai in banɗakin babba ne a koma mai inci 6. A sa ta nesa da ƙofa, kusa da wurin wanka amma ba inda shawa ke fesa mata ruwa ba. Ƙa'idar wayarin ta Ingila, wadda muka gada kuma galibi ita ake bi a ƙasar nan, ta ce saman wurin wanka har tsayin mita 2.25 daga ƙasa, da santimita 60 a gefensa, duk kayan wutar da za a sa a nan sai mai alamar IPX4 ko sama da haka, wato wanda feshin ruwa ba ya shiga cikinsa. Ki ɗauko kwalin ki duba. In ba a rubuta komai ba a mayar a canzo. In banɗakin ya yi ƙanƙantar da ba inda za a kauce wa shawa, akwai mai aiki da bolt 12 da ake ajiye taransifomarta a wajen banɗaki, ta ɗan fi tsada amma ni ita na fi natsuwa da ita a irin wannan wuri. Sannan a bar rata kamar santimita 1 a ƙasan ƙofa, in iska ba ta da ta inda za ta shigo fanka ƙara kawai za ta yi ta yi ba ta fitar da komai.

Yanzu maganar wuta, nan ne na fi damuwa. Layin hita yana kan bireka, wato makunnin da ke faɗuwa da kansa in wuta ta yi wa layi yawa, mai amp 20 da waya mai kauri, 2.5 ko 4. Ita kuwa fankar abin da take ci bai wuce wat 15 zuwa 25 ba, wayarta siririya ce. In ya jona siririyar waya a bayan bireka mai amp 20, ranar da fankar ta cije ko wayar ta samu rauni za ta yi zafi har ta narke, ita kuwa birekar ba ta ma san ana yi ba. Ban da haka kenan fanka ba za ta juya ba sai hita na kunne, alhali ke kashe hita ya kamata ki yi kafin ki shiga wanka. Inda ya dace shi ne layin fitilar banɗaki, waya 1.5, bireka mai amp 6 ko 10, in takardar da ke cikin kwalin ta ce a sa fis mai amp 3 a gabanta to a sa, kamfanoni da yawa suna gindaya wannan sharaɗin.

Fankokin iri biyu ne. Akwai wadda ke tashi da fitila ta mutu da fitila, akwai mai agogo a ciki wadda ke ci gaba da juyawa kamar minti 15 bayan an kashe fitila, kuma ita ce ta fi dacewa da matsalarki don tururi ba ya ƙarewa da fitarki. Sai dai mai agogon waya uku take buƙata, wadda ke da wuta kullum, da wadda ke samun wuta sai an kunna fitila, da nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta. Kin ga kenan ko fitila a kashe take akwai wuta a jikin fankar. Shi ya sa ake sa mata nata makunnin na musamman mai yanke wayoyin uku lokaci ɗaya, a waje, saman ƙofar banɗaki, don ranar da za a goge mata ƙura a kashe ta gaba ɗaya. Makunnin fitilar shi ma wajen banɗaki ne wurinsa, ko a sa mai igiyar ja. Soket kam babu shi a ƙaramin banɗaki, ko don kilifar aski ko cajin waya. Kuma ki ce masa ya tabbatar makunni layif, wato wayar da ke kawo wuta, yake yankewa ba nutural ba, gidaje da yawa an juya su, fitila ta mutu amma wuta na nan a mazaunin gulob tana jira.

Ranar aikin ki tsaya a kai. Gidajenmu yanzu wuta ta ƙofa uku take shigowa, ta JED (kamfanin rarraba wuta na Jos), ta janareta, ta inbata. "An ɗauke NEPA bari in yi sauri" ba kashe wuta ba ne, ana iya kawo ta yana riƙe da waya. A kashe birekar layin, a kashe inbata, a mayar da canji-oba tsakiya, a faɗa wa kowa a gidan kada ya taɓa, sannan ya gwada wayar da mita kafin ya sa hannu. 'Yar tastar nan mai kama da sukurdireba ita kaɗai ba ta isa shaida ba, tana iya ƙin haskawa alhali akwai wuta. Abu na ƙarshe, layin banɗaki sai da RCD, na'urar da ke yanke wuta in ta fara yoyo, ki karanta amsar da ke ƙasa, taki ce ke ma.

TAMBAYA: Injiniya ni ɗan haya ne a Bukuru. Kwana biyun nan in ina wanka na taɓa kan famfo sai in ji yana ɗan ja na zirr, musamman in akwai ciwo a yatsana, matata ma ta ji. Na gaya wa mai gidan ya ce ba komai sanyi ne ke kawo haka mu riƙa sa silifas. Gaskiya ne?

AMSA: Malam ba gaskiya ba ne, kuma don Allah daga yau kada kowa ya sake wanka a banɗakin nan sai an gyara, musamman yara. A kashe birekar hita da ta injin jan ruwa, a ɗebi ruwa a bokiti.

Abin da mai gidan ke nufi na san shi. Da hunturu in iska ta bushe mutum kan taɓa ƙofar mota ko ya cire rigar sanyi ya ji tas sau ɗaya shi kenan ya wuce. Wannan daban. Wanda ke ja zirr ba ya tsayawa, kana jiƙe, a jikin famfo, wuta ce ke yoyo daga wani wuri ta bi ruwa ko fayif tana neman hanyar shiga ƙasa, kai ne kuma hanyar da ta samu. Yawanci ƙarfen cikin hita ne ya tsage, wani lokaci injin jan ruwa ko sumo na rijiyar burtsatse, wani lokaci waya ce ta goge ta taɓa fayif a cikin bango. Ko fayif ɗin gidan na roba ne bai hana ba, ruwan da ke ciki na iya ɗauko ta.

Bari in yi maka lissafin don ka san abin da za ka faɗa wa mai gidan. Wutar gida bolt 230 ce. Busasshiyar fata tana ɗan tare wuta, amma jiƙaƙƙen mutum ba takalmi a kan jiƙaƙƙen tayil turjiyar jikinsa kan sauko kusan om 1,000, wato in yoyon nan ya zama cikakke, miliamp 230 ne zai ratsa shi, alhali daga miliamp 30 zuwa 50 ma in ta bi ta ƙirji tana iya birkita bugun zuciya. Ita kuwa birekar hita sai wuta ta haura amp 20, miliamp 20,000 kenan, kafin ta faɗi. Ka ga mutum zai iya rasa ransa bireka na tsaye daram. Bireka waya take karewa daga gobara. Mai kare mutum ita ce RCD, wasu masu wayarin na ce mata ELCB, ita kullum tana auna wutar da ta fita ta layif da wadda ta dawo ta nutural, da zarar ta ga miliamp 30 ta ɓace a hanya sai ta yanke cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Ka je gaban allon birekokin gidan ka duba, in akwai mai ɗan maɓalli da harafin T, an rubuta 30mA a jikinta, to ita ce. In 100mA ko 300mA aka rubuta, wannan ta gobara ce ba ta isa kare mai wanka ba. A riƙa danna maɓallin nan duk wata uku zuwa shida, in ba ta faɗi ba ta lalace.

Sai at, wayar nan mai kore da rawaya da ke kai wutar yoyo cikin ƙasa. Tunda har kana jin ja, alama ce at ɗin gidan ko babu shi ko ya tsinke ko ado ne kawai, na sha buɗe hita in tarar an yanke koriyar wayar an tura ta baya. Mu nan Filato ga ƙarin wahala, ƙasar dutse ce, a wurare da yawa sandar at ba ta nitsewa sosai sai a yanke ta a binne rabi, da rani kuma ƙasa ta bushe ƙayau. Irin wannan wuri sai an nemi inda ke da danshi, ko a kafa sanduna biyu uku a haɗa su, sannan a auna da na'urar auna at, da rani ba da damina ba. In da RCD, ƙasa da om 200 ake so, in ya ƙara yin ƙasa sosai ma ya fi kyau. Gishirin da ake zubawa a ramin yana taimakawa na ɗan lokaci amma yana cin ƙarfen. Kuma mai gyaran ya gwada RCD ɗin da na'ura a kan wutar JED, a kan janareta, a kan inbata, don akwai haɗin da take aiki a kan ɗaya ta ƙi a kan ɗaya, danna maɓalli kaɗai ba zai nuna wannan ba. Gyaran nan haƙƙin mai gida ne, ka je masa da dattijo ɗaya cikin maƙwabta ku yi maganar cikin mutunci, amma kada ka koma wanka a wurin don kawai an ce ka sa silifas.

TAMBAYA: Yaya ni ɗaliba ce ina haya a Anguwan Rogo, hitar bokiti nake amfani da ita, ƙawata ta ce in bokitin roba ne ba komai ko na sa hannu na ji ko ruwan ya yi zafi.

AMSA: Ƙanwata kada ki sake. Bokitin roba ne ma ke sa wutar ta rasa hanyar fita sai ta jikinki, tunda ƙafarki ce a ƙasa. Hitocin nan masu araha yawancinsu ba su da at, ƙarfen kuma yana tsagewa ido bai gani, balle wadda aka taɓa kunnawa ba a cikin ruwa ba. Ki sa ta a ruwa tukuna, sannan ki jona, in za ki taɓa ruwan ki zare fulogin gaba ɗaya daga bango, kashe makunni bai isa ba. A ɗaki za ki dafa ruwan ba a banɗaki ba, kada ki fita ko ki yi barci ki bar ta, in aka ɗauke wuta ki zare nan take kafin ki manta. In da hali ki sayi butar lantarki mai kashe kanta.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni dattijo ne a Bauchi Road. Tun da aka sa mana hitar shawa mai zafafa ruwa nan take bireka ke faɗuwa kullum. Mai gyara ya ce birekar ce ƙarama zai sa mai amp 40, ko ya haɗa kai tsaye a huta. In yarda?

AMSA: Baba barka da hutawa, kada ka yarda. Da farko ya duba wacce ce ke faɗuwa. In RCD ce to yoyo ne, amsar da na ba mutumin Bukuru ita ce taka. In bireka ce ta layin, nauyi ya fi ƙarfinsa. Hita mai tanki ta saba cin wat 1,500 zuwa 2,000, amp 7 zuwa 9 kenan. Mai zafafawa nan take kuwa daga wat 3,500 take farawa, wasu har 7,000 da sama, wato amp 15 zuwa 30. Waya 1.5 a cikin bango kusan amp 15 take ɗauka, 2.5 kuma amp 20 da ɗan kai. In aka ɗora bireka mai amp 40 a kan irin wannan waya, wayar ce za ta riƙa gasuwa a cikin bango da cikin rufi, kuma gobarar da ake cewa "wuta ce aka kawo da ƙarfi" da yawa daga nan take. Girman waya ne ke yanke girman bireka. A karanta wat ɗin da ke jikin hitar, a ja mata nata layin ita kaɗai tun daga allo, waya 4 ko 6 gwargwadon ƙarfinta da nisan wurin, da at, da RCD, da makunni mai yanke waya biyu a wajen banɗaki.

Wajen sayen wayar Baba ka tura wanda ya sani, araha ba ta ado. Kasuwa cike take da wayar da aka rubuta 2.5 a jiki cikinta bai kai ba, da wadda alminiyom ce aka shafa mata jan ƙarfe. A fere bakinta a kankara da wuƙa, in fari ya bayyana a ajiye musu kayansu. A nemi ta kamfanonin gida masu alamar MANCAP ta hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki, a karɓi rasit. Shi kuma wanda har bakinsa ya iya cewa a haɗa kai tsaye, ni da gidana ne na sallame shi. Hukumar NEMSA da aka kafa da dokar 2015 ita ke ba masu wayarin takardar shaidar ƙwarewa, ba rashin kunya ba ne ka ce a nuna maka kafin a fara aiki. Mita da fis ɗin da ke gabanta kuma na JED ne, a daina tura yara suna canza layi da hannu in ɗaya ya ɗauke.

TAMBAYA: Injiniya wai da gaske ne in wuta ta ja mutum madara ake ba shi? Daga wata uwa a Gangare.

AMSA: A'a Mama, madara ba ta yin komai, in ma bai farfaɗo sosai ba tana iya sarƙe shi ta shiga huhu. In yana maƙale kada a kama shi da hannu, a kashe wuta daga allo ko a zare fulogi, in ba hali a tsaya a busasshen wuri a ture wayar da busasshen katako ko roba. In na babban layin kan titi ne kada kowa ya matsa kusa sam, a kira JED. Bayan an raba shi da wutar a duba numfashi. In ba ya numfashi a kwantar da shi rigingine a kan ƙasa mai tauri, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji a riƙa dannawa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, wani kuma ya kira 112 ko ya nemo mota. In yana numfashi amma a sume yake a juya shi ya kwanta ta gefe. Ƙuna a zuba mata ruwa mai tsabta, ban da manja, ban da man goge baki. Ko ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau, in ya suma ko ya ƙone ko yana jin ƙirjinsa ba daidai ba, ko yaro ne ko mai juna biyu, a kai shi asibiti ranar a duba zuciyarsa.